Tsagewar gini: shafe ba magani ba ne



A ƙarshen damanar da ta wuce mun shiga wata kasuwa ta kan iyaka da muka saba zuwa ɗauko rahoton farashi domin gidan rediyonmu, sai wani Alhaji mai sayar da shinkafa da man girki ya yi mana tayin inuwa da ruwan sanyi a shagonsa. Ginin bene ne hawa ɗaya, ƙasa shago, sama mangaza, kuma bai daɗe da ginuwa ba. Muna cikin hira sai idonmu ya kai kan kankaren nan da ake gittawa bisa ginshiƙai domin ya ɗauki benen, wanda a wannan rubutu za mu riƙa kira azarar kankare. Kusa da inda ta hau ginshiƙi akwai tsaga a karkace, ta taso daga ƙasa ta nufi sama, har tsinken ashana na iya shiga. Muka ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya ɗaga kai ya duba kamar yau ya fara ganin ta, ya ce, "Haba Malam, ai tun bara take nan. Gobe-jibi yaro zai zo ya shafe ta, a yi fenti." A samanmu kuwa buhunan shinkafa ne jibge har kusa da rufi.

Wannan amsa ita ta sa muka ɗauki alƙalami, domin ba Alhaji kaɗai ke ba da ita ba. Daga Konni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Magarya zuwa Maigatari, rumfunan zana da na kwano suna ta ba da wuri ga shagunan siminti da benaye, musamman tun bayan ambaliyar shekara ta 2024 da ta tilasta wa jama'a sake gini cikin gaggawa. Mu ne ke sayar da simintin, mu ke sayar da rodin, mu ke ba da kwangilar, kuma mu da yaranmu ke wuni a ƙarƙashin ginin. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, sanin yadda tsaga ke tafiya cikin gini ya zama wajibi ga ɗan kasuwa kamar sanin canjin Naira da Sefa, kuma al'adar shafe tsaga da fenti ya kamata shugabannin kasuwa su ɗauke ta a matsayin laifi.

Bari mu fara daga layin ƴan yadi, domin su sun san wannan ilimi tun kafin masana su rubuta shi. Ka ba ƙato biyu yadin shadda su ja, ɗaya nan ɗaya can, za su gaji ba su yaga shi ba. Amma mai yadi ya ɗan taɓa bakinsa da almakashi, sai ya kama da yatsu huɗu ya tsarge shi har ƙarshe. Me ya canja? Yadin dai shi ne. Abin da ya faru shi ne duk ƙarfin jan, maimakon ya watsu a kan zaruruwa dubbai, ya tattaru a kan zare ɗaya da ke bakin yankan. Wannan ya tsinke, na bayansa ya gaji nauyin, shi ma ya tsinke. Haka mai yankan gilashi da mai ɗaura tayil ke yi, su ja layi siriri a sama, su danna, abu ya rabu daidai kan layin.

Wani injiniya ɗan ƙasar Ingila mai suna Griffith shi ya zauna ya auna wannan al'amari, aka buga sakamakon aikinsa a shekara ta 1921. Ya yi gwaji da gilashi, ya ga cewa zaren gilashi siriri ya fi sandar gilashi mai kauri jure ja nesa ba kusa ba, in aka kwatanta su gwargwadon kaurinsu. Dalili kuwa, babban abu ya fi samun wurin ɓoye aibi, wato ƴan ƙananan tsagogi da ido ba ya gani. Ya kuma fitar da lissafin da ya kamata kowane mai bene ya haddace: a abu mai gautsi, in tsawon tsaga ya ninka sau huɗu, rabin nauyin da ake buƙata da farko ya isa ya karya shi. Wato tsagar da ta yi tsawo ba ta nan yadda take bara, ko da kayan da ke sama ba su ƙaru ba. Kuma akwai wani tsawo da in ta kai shi ba ta ƙara jiran kowa, sai ta ruga cikin ƙiftawar ido. Kafin nan tana iya yin shekaru tana rarrafe a hankali, laima da zafin rana da sanyin dare da girgizar manyan motoci suna tura ta. Wannan ne ya sa maganar "ai shekara goma yana tsaye" ba hujja ba ce.

To shi kankare fa, abu ne mai ƙarfi amma mai gautsi. In danna shi ake yi, kamar yadda ginshiƙi ke ɗaukar nauyi daga sama, jarumi ne. In kuwa jan shi ake yi ko tanƙwara shi, abin da zai iya ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Dutse ma haka yake, tangaram ma haka. Masu fasa dutse ba sa gardama da dutse ta fuskar da ya fi ƙarfi. A mahaƙar Pissy ta birnin Wagadugu tsofaffin tayoyi ake ƙonawa a kan dutsen, saman ya yi zafi ya buɗe alhali cikin na da sanyi, ƙwayoyin da suka haɗu suka yi dutsen kowace ta kumbura gwargwadon halinta, sai ya tsattsage da kansa, guduma ta ƙarasa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, babu kankaren da ba shi da tsaga. Tun ranar da ya bushe akwai ƙananan tsagogi tsakanin siminti da tsakuwa. Ashe ke nan gini nagari ba shi ne wanda ba ya tsagewa ba, shi ne wanda in tsaga ta taso take samun abin da zai tare mata hanya, ya gajiyar da ita, ya ba mutane lokaci su gani su fita. Wannan hali shi muke kira jimiri, kuma daban yake da ƙarfi. Alli da rake misali ne: ka karya alli ya rabu nan take, ka karya rake ya yi ƙara amma zaruruwansa su riƙe shi.

A nan dole mu cire wa kakanninmu hula. Maginin gargajiya da ke cuɗa ƙasa da ciyawa ya bar ta ta ruɓa kafin ya yi tubali, abin da yake yi ke nan, kowane tsinke gada ce da za ta riƙe bakin tsaga biyu. Masu ginin tukwane da ke daka tsingaro ko su zuba ƙaiƙayi cikin yumɓu, suna sa wa tsagar tuntuɓe ne, ta zo ta ci karo da ƙwaya ta karkata, ƙarfinta ya ragu, shi ya sa tukunya ke jure wuta. Mai gyartai da ke huda ƙwarya ya ɗinke bakin tsaga, aikin da rodi ke yi cikin kankare ke nan ba ragi ba ƙari. Har ma uwargida da ke ƙwanƙwasa tulun Mirriya a kasuwa tana sauraren amonsa kafin ta biya, binciken tsagar ɓoye take yi. Shi kansa kankare mai rodi, cikin waɗanda suka fara shi akwai wani mai lambu Bafaranshe, Joseph Monier, wanda tukwanen furanninsa suka dame shi da fashewa, ya sa musu ragar ƙarfe a ciki, ya yi rajistar dabarar a 1867.

Masana na zamani kan wannan hanya suke har yanzu. A 1975 wasu masu bincike a Ostareliya suka nuna wani irin tangaram mai suna zirkoniya, wanda in tsaga ta tunkaro, ƙwayoyin da ke bakinta sai su kumbura da kamar kashi 4 cikin 100 su matse ta. Da shi ake yin haƙoran roba masu ƙwari da wuƙaƙen tangaram a yau. A jami'ar Michigan ta Amurka, Farfesa Victor Li ya haɗa kankare mai ƙananan zaruruwa wanda ke lanƙwasa, maimakon tsaga ɗaya babba sai ya yi ɗaruruwan ƙanana masu sirantar gashi. A 2023 kuma masu bincike na jami'ar MIT suka bayyana cewa ƴan dunƙulen farar ƙasa da ke cikin kankaren Rumawan da, in ruwa ya shiga tsaga sukan narke su sake daskarewa su toshe ta, ga kuma ƙubbar ginin Pantheon a birnin Rum, mai faɗin mita 43, tana tsaye kusan shekara 1,900 babu rodi ko ɗaya. Waɗannan ba za su iso kasuwanninmu gobe ba, kuma ba su muke kira a sayo ba. Mun kawo su ne domin a ga cewa duk duniya magana ɗaya ake yi, wato yadda za a tsayar da tsaga.

Mu kuwa, abin takaici, kusan duk abin da muke yi a wurin gini share mata hanya ne.

Mu ɗauki ruwa. Buhun siminti mai kilo 50, in kankaren ɗaukar nauyi ake so, ruwan da ya dace da shi bai kamata ya wuce kimanin lita 25 ba, wato jarka ɗaya irin ta man girki, har da laimar da ke cikin yashi. Amma lebura ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa kamar kunu domin ya fi sauƙin ɗauka da zubawa, mai gini kuma yana tsaye yana jin daɗi aiki na sauri. Ruwan da ya yi yawa ba ya shiga aikin simintin, zama yake ya kama wuri, in ya ƙafe ya bar ramuka, kowane rami kuma bakin almakashi ne. Tun 1918 wani Ba'amurke, Duff Abrams, ya tabbatar da cewa gwargwadon yawan ruwa gwargwadon raunin kankare. Abin mamaki, ruwan da muke yi wa kwaɓi ambaliya da shi, shi muke yi wa ginin rowa bayan an zuba. Siminti ba bushewa yake ya yi ƙarfi ba, shan ruwa yake a hankali yana ɗaurewa, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Aƙalla mako guda ya kamata ya kasance a jiƙe, a rufe shi da tsofaffin buhuna ko yashi mai laima. A nan kuwa, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, iskar hunturu kuma ke tsotse laima cikin sa'o'i kaɗan, za ka ga an zuba kankare da hantsi, la'asar na yi samansa ya tsattsage kamar fadamar da ta ƙafe, mai ginin ya ce kuɗin ƴan garuwa sun yi yawa. Mutumin da ya kashe miliyoyi ya tsaya ƙyashin jika biyu ko uku!

Sai tsakuwa da yashi. Tsakuwar dutse mai kaifi-kaifi tana cije juna, tsaga ta zo dole ta yi ta zagaye, kuma ko ta wuce, bakinta biyu suna saƙale da juna. Yashi mai ƙasa da tsakuwar da ba a wanke ba kuwa, ƙurar na shiga tsakanin siminti da dutse ta hana su kama juna, sai tsaga ta bi wannan layi kamar an shimfiɗa mata kwalta. Wani abin lura ga masu motocin haya, sukari ko kaɗan ne in ya shiga kwaɓi yana hana siminti kamawa a kan lokaci, don haka motar da ta sauke sukari a share ta sosai kafin ta ɗauko yashi.

Yanzu bari mu taɓa namu laifin, mu masu sayarwa, ko da zai yi ɗaci. Simintin da ya daɗe a mangaza ko ya sha laima a kan mota yana jiran layin duwan, ƙarfinsa raguwa yake. Duk mun san yadda ake yi da buhun da ya fara dunƙulewa: a buga shi da ƙasa, a farfasa, a tura wa baƙauye. Mun san rodin da ake kira mai lamba 12 alhali in an auna bai kai ba. Mun san lamba 32.5 da 42.5 da ke jikin buhu ba ado ba ne, amma mai saye in bai tambaya ba ba ma faɗa. Masu buga bulo, ko birgi kamar yadda muke cewa a wannan ɓangare, suna jan buhu ɗaya har sai bulon ya zama abin da yaro zai murƙushe da hannu. Wanda ya tauye mudu an san sunansa a kasuwa, to wanda ya tauye rodi fa? Mudun hatsi ciki ɗaya yake cuta, shi kuwa wannan yana iya faɗowa a kan mutum ashirin, watakila har da ɗan mai sayarwar.

Ko rodin na kirki ne, sai an binne shi da kyau, kankare ya rufe shi da kamar kaurin yatsu biyu. In yana kusa da fata, ko tsaga ta buɗe masa ƙofa, ruwa da iska su shiga ya yi tsatsa. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma har ninki biyu ko fiye, sai ta tura kankaren daga ciki ya ɓare. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga; a nan ƙadangaren in ya shiga faɗaɗa tsagar yake. Masu ajiye gishiri da takin zamani su fi kowa kula, domin gishiri na gaggauta tsatsar rodi, wasu nau'o'in taki kuma suna cin simintin kansa.

Akwai kuma lissafin nauyi, wanda shi ya fi tayar mana da hankali a shagon Alhaji. Benen da aka tsara domin ɗakin kwana, abin da injiniyoyi ke ƙiyasta masa na mutane da kaya shi ne kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita. Buhun shinkafa biyu sun kusa cika murabba'in mita. A jera su hawa goma, an sami buhu 20, wato kilo 1,000. Ninki biyar ke nan ko fiye. Kuma magini ya iya shago ƙasa-ƙasa ba shi ne ya iya bene ba, domin darasin Griffith na nan: abu in ya girma, gautsinsa ƙaruwa yake.

Wani zai ce, Malam, kai da ke magana a rediyo ba ka san tsadar kaya ba, injiniya kuma sai Maradi ko Damagaram, talaka ya yi yaya? Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan uzuri ba. Ma'aikatun magajin gari da ke karɓar kuɗin shago duk wata ya kamata a ce suna da mai duba gini da zai zagaya kasuwa ko sau ɗaya a shekara, kafin damana. Amma jiƙa gini, da rage ruwan kwaɓi, da wanke tsakuwa, da sauke buhuna daga bene, wanne ne a ciki ya fi ƙarfin mai shago? Wani kuma zai ce komai ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba mu taɓa ganin ɗan kasuwar da ya bar shagonsa a buɗe da dare ya ce ƙaddara za ta yi gadi ba.

Gini ba ya cika faɗuwa bai yi sallama ba, mu ne ba ma amsawa. A ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga manyan tsagogi a ginin Rana Plaza mai hawa takwas kusa da birnin Dhaka na Bangaladesh. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinkin tufafi na sama su koma aiki. Washegari da safe ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. Kusa da mu kuma, a ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya faɗo kan masu sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. Mai martaba Sarkin Zazzau da kansa ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon tun ana gobe abin zai faru, ana shirin kawo masu gyara. Ginin ƙasa ne mai tarihi ba na kankare ba, amma tazarar da tsagar ta bayar ɗaya ce da ta Dhaka, kwana guda.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, kada a ce mun zo tayar da hankali. Ƴan siraran nan masu kama da saƙar gizo-gizo a kan shafe yawanci na fata ne, a shafe su ba laifi. Wadda ke hawa kamar matakala tana bin layin bulo, ko ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, tana nuna harsashi na zaunawa, sau da yawa saboda ruwa na kwanciya a gindin gini. Waɗanda ba a kwana da su kuwa su ne na jikin ginshiƙi, da na ƙarƙashin bene, da na azarar kankare, musamman mai karkata kusa da ginshiƙi, domin irin wannan karyewarta ba ta ba da dogon notis. Haka in an ga jan ruwan tsatsa na fitowa, ko ɓawon kankare na faɗowa, ko ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa. Gwajin kuma ba ya cin ko dala: a ja layi da biro a ƙarshen tsagar biyu, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan mako biyu. In ta wuce layin, tana da rai. Shafe ba ya ɗinke komai, domin bai kai inda bakin tsagar yake ba. Abin da kawai yake yi shi ne ya goge mana wannan shaida.

Shi ya sa muke kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa na ɓangarorin iyaka biyu, su da ke iya sasanta rikicin bashi na miliyoyi ba tare da an je gaban alƙali ba, da su kafa ƙa'ida: duk benen da tsaga ta fito a ginshiƙinsa ko azararsa, a sauke kayan sama a ranar, kada a shafe sai wanda ya san aikin ya gani, kuɗin kawo shi kuma a fitar daga asusun ƙungiya in mai shagon ba shi da hali. Maƙwabcin shago ma yana da haƙƙin ya kai ƙara ba tare da an ce masa mai hassada ba, tunda in ginin ya tashi faɗuwa ba zai tsaya kan iyakar filin mai shi ba.

Mako uku bayan waccan hira mun sake bi ta shagon Alhaji. Yaro ya zo, an shafe, an yi fenti shuɗi mai kyau. Amma da muka matsa kusa, sai ga wani layi siriri kamar gashi ya sake fitowa cikin sabon fentin, daidai inda tsohuwar take. Muka nuna masa, muka yi masa lissafin buhunan nan da biro a bayan takardar rasit. Ya yi shiru, sannan ya kira yaransa ya ce su sauko da rabin shinkafar. Rabin dai ya yarda da shi, sauran ya ce sai ya sami wurin ajiya. Mun ja layi a ƙarshen tsagar biyu mun rubuta kwanan wata, kuma ranar kasuwa mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma mu duba.